Ƙyanƙyasar Ƙwan Kaji a Gida: Gargaɗi ga Manoman Bunkure da Kura

Ya ku manoma da matan gida na ƙasar Bunkure, da Kura, da Garun Malam, wannan takarda dominku a ka rubuta ta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Tun da a ka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa gangarowa ta Ruwan Kanya zuwa gonakinku, ƙasar nan ba ta rabuwa da amfanin gona. Da damina ga shinkafa, da rani ga alkama da masara da tumatir da albasa. Kowane injin casa na Kura yana fid da dusa da tsakin shinkafa, buntu kuwa har tsibi a ke yi da shi a bayan gari. Waɗannan duka kayan kiwon kaji ne. Abin da ya ke hana kaji yawa a gidajenmu shi ne ƙarancin 'yan tsaki, da mutuwarsu tun suna ƙanana.

Ku duba lissafin. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15, sa'an nan ta daina, ta yi kwanci kwana 21. Bayan wannan ta yi wata biyu ko fi tana yawo da 'ya'yanta, ba ta ƙwai. Saboda haka a shekara da ƙyar ta ke wuce zubi uku ko huɗu. Amma in a ka ɗauke mata wahalar kwanci da reno, sai ta koma ƙwai da wuri. Har wa yau, kajin da a ka inganta, irin su Shika Brown wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar, suna ƙwai da yawa, amma ba su cika kwanci ba. Wanda ya ke son 'ya'yan irin waɗannan kaji, tilas ya nemi kazar gida ta kwanta masa, ko kuwa ya yi akwatin ƙyanƙyasa.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Gaskiya ne ga wanda bai san aikin ba, gama ƙwai 50 da a ka sa a akwati a ka ɓata, an yi hasarar kuɗinsu, da na mai, da barcin mako uku. Domin kada wannan hasara ta same ka mu ke bayyana maka aikin daki daki.

Asalin wannan sana'a

Kada ka zaci sabon abu ne. Mutanen Masar sun fi shekara 2000 suna ƙyanƙyasar ƙwai ba tare da kaza ba. Sukan gina ɗakuna na tubali, su shimfiɗa dubban ƙwai a ƙasa, su hura wuta maras ƙarfi a bene na sama. Ba su da ma'auni, sai gwaninsu ya ɗauki ƙwai ya ɗora a kan fatar idonsa, ya san ko zafin ya yi daidai. A 1749 wani masani na Faransa mai suna Reyomir ya wallafa littafi a kan wannan aiki, ya nuna yadda za a yi shi da ma'aunin zafi. A 1881 wani mutumin Ingila mai suna Hiyasan ya ƙera akwati mai tankin ruwan zafi da fitila, wanda ya ke daidaita zafinsa da kansa. A ƙasar Sin da Bangaladash kuwa, inda a ke noman shinkafa kamar nan, akwai masu ƙyanƙyasar ƙwan agwagi cikin kwanduna da a ka nutsa a buntu, gama buntu yana riƙe ɗumi.

Dukansu koyi su ke yi da kaza. Abu huɗu kaza ta ke ba ƙwanta: ɗumi, da laima, da juyi, da iska. In ɗaya ya ɓaci, sauran ukun ba za su yi amfani ba.

Zaɓen ƙwai

Da fari ka sani, ƙwan da a ke sayarwa kiret kiret a kasuwa daga manyan gidajen gona ba ya ƙyanƙyashewa, gama kajin da su ka yi shi ba su tare da zakara. Ko ka yi masa wata guda a akwati, ba abin da zai fito. Ka nemi ƙwai daga garken da ya ke da zakara lafiyayye, zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10. Ka riƙa sauya zakara, kada ya daɗe yana taka 'ya'yansa, domin iri yakan raunana.

Ka zaɓi ƙwai matsakaici, mai sumul, mai kyakkyawar sura. Ka ware wanda ya cika girma, gama sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi. Ka ware ƙarami ainun, da mai tsaga, da mai ɓawo maras kauri, da wanda kashi ya ɓata. Waɗannan a ci, ko a sayar.

Kada ka wanke ƙwan ƙyanƙyasa. A jikin ɓawo akwai dubban ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, akwai kuma wani shafi da kaza ta ke rufe su da shi sa'ad da ta ke saka ƙwan. Ruwa yana wanke shafin nan, ya tura ƙwayoyin cuta ciki. In datti kaɗan ne, a goge da busasshen tsumma. Maganin datti shi ne a sa sabon buntu ko ciyawa a gurbin kaji, a riƙa kwashe ƙwai sau biyu ko uku a yini.

Ajiyar ƙwai kafin a sa shi

Kada ƙwai ya wuce kwana 7 a ajiye. Daga nan ƙarfinsa yakan riƙa raguwa kowace rana. Ka rubuta ranar da a ka saka kowane ƙwai a jikinsa da fensir.

Wurin ajiya ya zama mai sanyi, kimanin digiri 13 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyas. A ƙasarmu da wuya a sami haka sai da hunturu. In ɗaki ya yi zafi, ɗan tayin da ya ke cikin ƙwai yakan fara girma da rauni, ya mutu tun ba a sa shi a akwati ba. Saboda haka a jera ƙwai cikin ƙwarya mai buntu, tsininsa yana duban ƙasa, a ajiye a gindin randa inda rairayi ya ke da sanyi. Dabarar nan ta tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, wadda Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana da amfani a nan, muddin ruwa bai taɓa ƙwan ba. Amma kada a sa a firji, sanyinsa ya yi yawa.

In daga nesa a ka kawo ƙwai a kan babur, a bar shi ya huta yini guda kafin a sa shi.

Yadda a ke yin akwati

Wanda ya ke da hali ya sayi ƙaramin inji mai aiki da batir da farantin sola. Irin wannan yana da fanka, da makunni mai kashe kansa in zafi ya kai. Wanda ba shi da hali, kafinta da mai walda na garinsu sun isa.

A yi akwatin katako mai bango biyu, a bar tsakani kamar faɗin yatsa uku, a cika da busasshen buntu. A cikin akwatin daga sama a kafa tankin ƙarfe mai faɗi, a cika shi da ruwa. A sa bututu ya ratsa tankin, bakinsa ɗaya a wajen akwati inda fitilar kananzir za ta zauna, ɗayan kuma ya fita ta wancan gefe ya fid da hayaki. Zafin fitila ya bi bututu ya ɗumama ruwa, ruwa ya ɗumama ƙwai daga sama, kamar yadda kaza ta ke yi. Amfanin tanki shi ne, ruwa ba ya saurin zafi, ba ya kuma saurin hucewa. A ƙarƙashin tanki a sa tire na ragar waya inda ƙwai zai kwanta. A ƙarƙashin tire a sa farantin ruwa. A huda ƙananan ƙofofi huɗu a ƙasa, huɗu a sama, waɗanda za a iya toshewa. A sa ɗan gilashi a ƙofa domin a duba ma'auni ba sai an buɗe ba.

Mai amfani da lantarki ya sani, ƙwan fitila irin na da mai zafi shi ke wannan aiki. Irin na yanzu mai farin haske ba ya ba da ɗumi.

Buntu abin cin wuta ne. A rufe gefen da fitila ta ke da fallen kwano, a datse lagwani kullum, a hana yara zuwa wurin. Hayaƙin kananzir kuwa in ya shiga wurin ƙwai yakan kashe shi.

Akwati ya zauna a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, inda rana ba ta faɗa masa, iska kuma ba ta bugunsa. Ɗakin kwano maras rufin ciki bai dace ba, gama da rana ya yi zafi ƙwarai, da dare ya yi sanyi.

Zancen ɗumi

Wannan shi ne babban sharaɗi. In akwatinka yana da fanka, zafi ya tsaya a digiri 37 da rabi. In ba shi da fanka, zafin sama ya fi na ƙasa, saboda haka a rataye ma'auni bakinsa daidai da saman ƙwai, a tsai da shi a kan 38 da rabi. In ma'aunin naka na Faranhait ne, na fari shi ne 99 da rabi, na biyu 101 zuwa 102.

Ka lura, zafi ya fi sanyi haɗari. In ɗumi ya ragu na 'yan sa'o'i, abin da zai faru shi ne ƙyanƙyasa ta yi jinkiri. Amma in ya haura digiri 40 ya daɗe, 'yan tsaki da yawa za su mutu cikin ɓawo, waɗanda su ka fito kuma su zo da karkatattun yatsu da raunin ƙafa. Kaza takan tashi ta bar ƙwanta ya sha iska, amma ba ta taɓa dafa shi.

Ma'aunin zafi da a ke sayarwa da arha yakan yi kuskuren digiri ɗaya ko biyu, wannan kuwa ya isa ya halaka ƙwai duka. Ka gwada naka tukuna. Ka sayi ma'aunin zazzaɓi a shagon magani, ka tsoma su tare cikin kofin ruwa mai ɗumi. In sun saɓa, ka gaskata na shagon magani, ka rubuta bambancin a jikin akwati.

Kada ka sa ƙwai ranar da ka gama akwati. Ka kunna shi ba kome ciki kwana biyu, kana dubawa da asuba, da azahar, da magariba, da tsakar dare, har ka san inda lagwani ya ke tsayawa. Sa'ad da ka zuba ƙwai ma'auni zai sauka, gama ƙwan yana da sanyi. Kada ka ƙara wuta. Ka yi haƙuri rabin yini, zai komo da kansa. Masu gaggawar ƙara wuta a ranar fari su ne su ke dafa ƙwansu.

Daga kwana 14 ɗan tsako yana fid da ɗumin jikinsa. Za ka ga ma'auni yana hawa ba ka taɓa fitila ba. Lokacin rage wuta ke nan.

Zancen laima

Ƙwai yana da ruwa a ciki, ruwan nan kuwa yana fita a hankali ta ƙofofin ɓawo. Gwargwadon fitarsa, gwargwadon girman ɗakin iska da ya ke can kan ƙwai mai faɗi. Da iskar ɗakin nan ɗan tsako ya ke fara numfashi kafin ya fasa ɓawo. In laima ta yi yawa, ruwa bai fita ba, ɗakin ya yi ƙanƙane, ɗan tsako ya shaƙi ruwa ya mutu ya riga ya cika halitta. In laima ta yi kaɗan, ƙwai ya bushe, tantani ya manne masa, ya kasa juyawa.

Daga ranar fari zuwa kwana 18, laima ta zama kashi 50 zuwa 55 cikin 100. Kwana uku na ƙarshe a ɗaga ta zuwa 65 ko 70. Faɗin ruwa shi ke kawo laima, zurfinsa ba ya ƙara kome. In kana son ƙari, ka sa faranti na biyu, ko ka tsoma soso ko tsumma mai tsabta rabinsa a waje. In kana son ragi, ka rufe rabin faranti. Kullum ruwa mai ɗumi za ka zuba. Kada ka yayyafa wa ƙwai ruwa.

Ma'aunin laima shi ma ana gwada shi. Ka jiƙa gishiri cikin murfin kwalba, ya jiƙu amma kada ya narke, ka sa shi tare da ma'auni cikin leda, ka ɗaure, ka bar su kwana ɗaya. Ma'auni na ƙwarai zai nuna 75.

Wanda ba shi da ma'aunin laima ya yi aiki da sikeli. Daga ranar fari zuwa kwana 18 ya kamata ƙwai ya rage nauyi kimanin kashi 12 cikin 100. Ga misali: ka yi wa ƙwai 10 alama, ka auna su tare, su ka yi giram 450. A kwana 9 ya kamata su komo kusa da 423, a kwana 18 kusa da 396. In a kwana 9 ka tarar sun fi haka nauyi ƙwarai, ka rage ruwa. In sun fi haka sauƙi, ka ƙara.

Juyi da iska

Kaza tana juya ƙwanta da baki sau da yawa dare da rana, domin kada ɗan tayi ya manne a gefe guda. Kai ma ka juya sau 3 ko 5 kowace rana. Dalilin da ya sa ba a ce 2 ko 4 ba shi ne, kada ƙwai ya kwana a kan gefe ɗaya dare biyu a jere. Ka zana gicciye da fensir a gefe ɗaya, da'ira a ɗaya gefen, domin ka san wanda ka juya. Lokutan salla suna da sauƙin tunawa. Ka wanke hannu, ka tsane shi, kada ka taɓa ƙwai da hannun da ya taɓa kananzir ko man shafawa. In akwatin ba shi da fanka, ka riƙa sauya wa ƙwai wuri, na tsakiya ya koma gefe, na gefe ya komo tsakiya.

Ɗan tsako yana numfashi ta ɓawo. A makon fari ƙofa ɗaya ko biyu sun isa. Yana girma kana ƙara buɗewa. A kwanakin ƙarshe kada ka toshe ƙofofi duka domin neman laima, gama za su mutu da rashin iska.

Haska ƙwai

A kwana 7 da dare, ka ɗauki tocila ko fitilar waya, ka ɗora kan ƙwai mai faɗi a bakinta cikin duhu. Ƙwai mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗigo baƙi a tsakiya. Wanda ya ke garau ba kome, zakara bai taka ba. Wanda ya ke da jan zobe kewaye, ya fara ya mutu. Ka fid da waɗannan biyu. Ka sake haskawa a kwana 14 da kwana 18. In ka ji wari, ka nemo baragurbin nan da nan, gama in ya fashe a ciki zai ɓata sauran. Kada haskawa ta wuce 'yan mintoci.

Kwana uku na ƙarshe

Ranar da ka sa ƙwai ba ta cikin lissafi. In ran Alhamis ka sa, haskawa ta fari da ta biyu duk ran Alhamis ne, kwana 18 ya faɗa ran Litinin, ƙyanƙyasa kuma ran Alhamis ta uku.

Ran kwana 18 ka daina juyi. Ka shimfiɗa tsumma mai kaushi a kan raga domin kada ƙafafun 'yan tsaki su zame. Ka cika farantan ruwa, ka rufe su da raga, ka rufe ƙofa. Wajen kwana 20 za ka ji kuka cikin ɓawo, ka ga an huda. Daga hudawa zuwa fitowa yakan ɗauki sa'a 12 har 24. A nan ne masu kiwo da yawa su ke yin ɓarna: su buɗe ƙofa su duba, su kira maƙwabta su gani, laima ta fice, tantani ya bushe a jikin waɗanda su ka huda. Ka duba ta gilashi.

Kada ka ɓare wa ɗan tsako ɓawo. Jijiyoyin jini ba su gama janyewa ba, gwaiduwa kuma ba ta gama shiga cikinsa ba. Wanda ya fito a bar shi ciki ya bushe. Ba ya bukatar abinci nan da nan, gama gwaiduwar da ya shanye tana riƙe shi kwana biyu. In kwana 23 ya cika, abin da bai fito ba ba zai fito ba.

In tare da ƙwan zabi ka ke aiki, ka sani nasu kwana 26 zuwa 28 ne. Na talotalo 28, na agwagwar gida mai jan fuska 35. Kada a gama su da na kaza rana ɗaya.

Lokatai uku na ƙasarmu

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, dare yana da sanyi, iska kuma a bushe ƙwarai. Ko gidanka yana bakin hanyar ruwa, iskar nan ba ta barin laima a ɗaki. Farantin ruwa yakan ƙafe da sauri. A duba shi safe da yamma, a sa faranti biyu, a ƙara wuta kaɗan da dare, a rage da hantsi.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40 ko fi. Watau ɗakin kansa ya fi abin da ƙwai ya ke bukata zafi. Akwati ya san ƙara ɗumi, amma bai san ragewa ba. Da azahar a kashe fitila, a buɗe ƙofofin iska duka, a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a ƙasan ɗaki. Ƙwan bazara ma ba shi da ƙarfi, gama zafi yana rage kuzarin zakara. Mai koyo kada ya fara a wannan lokaci.

Da damina, musamman watan Agusta, iska tana cike da laima. Sau da yawa ba a bukatar ruwa a faranti sam sai kwana 18. Wanda ya zuba ruwa da damina kamar yadda ya saba da hunturu zai tarar da 'yan tsaki cikakku sun mutu cikin ɓawo. Sikeli da tocila su za su faɗa maka gaskiya.

Lokacin da ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne kaka, Oktoba da Nuwamba. Zafi ya sauka, sanyi bai kama ba, ga dusa da tsaki da arha. In kasuwar Salla ko ta Kirsimeti ka ke nufi, ka ƙidaya baya: kazar gida tana bukatar wata biyar ko shida kafin ta isa sayarwa, ga kuma mako uku na akwati.

In wuta ta mutu

Kada ka firgita, kada kuma ka zubar da ƙwai. Ka bar ƙofa a rufe, ka lulluɓe akwati da bargo, ka bar ƙofar iska ɗaya. Ka dafa ruwa ka zuba a kwalabe, ka naɗe su da tsumma, ka sa ciki nesa da ƙwai, kana duban ma'auni. Bayan kwana uku ka haska ka ga masu rai. Mai dogara ga wutar gari kaɗai bai shirya ba. Tun kafin ka sa ƙwai ka tanadi batir, ko fitila da man da zai kai mako uku.

Ƙwan da bai fito ba malami ne

Ka fasa su a bayan gida ka duba, sa'an nan ka binne. In yawancinsu garau ne, laifin zakara ne ko tsufan ƙwai. In sun mutu a makon fari, ka tuhumi ajiya, ko zafin ranar fari, ko rashin juyi. In sun cika halitta sun mutu a jiƙe, laima ta yi yawa. In sun huda sun manne, laima ta yi kaɗan ko an buɗe ƙofa. In sun fito tun kwana 19 da jini a cibiya, zafi ya yi yawa. In sun kai kwana 22 ko 23, zafi ya gaza. Ka rubuta duka a littafi. Mai koyo da ya sami 'yan tsaki 30 cikin ƙwai 50 ya yi abin kirki, zubi na gaba kuwa zai fi.

Bayan kowane zubi a kwashe ɓawo, a wanke tire da farantai da sabulu da ruwan zafi, a shanya akwati a rana.

Renon 'yan tsaki

Ɗan tsakon akwati maraya ne, kai ne uwarsa. A makon fari yana son ɗumi digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kimanin 3 kowane mako har gashi ya rufe shi. A kewaye wuri da kwali, a shimfiɗa buntu, a rufe shi da takarda kwana uku na fari domin kada su ci. A sa kaskon gawayi da a ka kāre, ko fitila, a bar taga kaɗan domin hayaƙi. In sun cunkushe a gindin wuta suna kuka, sanyi su ke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci, daidai ne. A fara ba su ruwa, sa'an nan abinci. A zuba tsakuwa a mazubin ruwa kada su nutse. Tsakin shinkafa kaɗai ba ya gina jiki. A ba su abincin 'yan tsaki na kanti, ko a haɗa masara da soyayyen waken soya da garin kifi. A tsare su daga ɓera, da muzuru, da shirwa har mako shida.

Babbar annobar kaji a ƙasar nan ita ce Niyukasil, mai kawo koren zawo da murɗewar wuya, ta fi tsanani da hunturu. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ta ke can tun 1924, tana yin maganin rigakafinta, har da irin wanda ya ke jure zafi, a na ɗiga shi a ido. Ka tambayi likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, ko malamin gona na KNARDA, ranakun da za a yi shi, da na cutar Gumboro. Murar tsuntsaye kuwa, wadda ta fara bayyana a Nijeriya a Fabrairu 2006 kusa da Jaji ta kuma shiga Kano, in ka ga kaji suna mutuwa farat ɗaya da yawa, kada ka yanka, kada ka kai kasuwa, kada ka sa ƙwansu a akwati. Ka kai rahoto. Kazar da ka sayo a kasuwa ka ware ta mako biyu kafin ka gama ta da naka.

Ka fara da kaɗan. Ƙwai 20 ko 30 sun isa gwaji na fari. Ka kuma sa wa kaza ɗaya mai kwanci ƙwai 10 daga cikin irin wanda ka sa a akwati, rana ɗaya. In nata ya fito naka bai fito ba, ka san gyaran yana ga akwati. In duka biyu sun ƙi, ka sauya zakara ko wurin ajiya. Da haka za ka san inda ciwon ya ke, ba za ka yi ta hasara a kan jahilci ba.

In ka gama karanta wannan takarda, ka miƙa wa maƙwabcinka.